Kan Rago a Gaban Kyamara: Kyau da Ƙyama a Hoton Abin da Rai Ya Bari

Abin da ba ya motsi shi ne ya fara zama a gaban kyamara. Na'urorin farko sukan ɗauki mintoci kafin haske ya kama jikin faranti, mai rai kuwa ba ya iya sandarewa tsawon wannan lokaci ba tare da ya ƙifta ido ko ya gyara zama ba. Shi ya sa cikin tsofaffin hotunan da Louis Daguerre ya bari a Faransa, wajajen 1839, akwai wanda ya jera katantanwar teku da burbushin halittun da suka zama dutse a kan kanta, ya ɗauka. Daga nan wani nau'in hoto ya kafu: a samo ƙashi, ko ƙoƙon kan dabba, ko furen da ya bushe, ko tsuntsun da maharbi ya kayar, a jera su, a daidaita haske, a ɗauka. Masana fasaha na Turai da Amurka sun daɗe suna juya tambaya ɗaya a kan irin wannan aiki: me ya sa abin da ya kamata ya kori ido yake kiransa, kuma a ina kyau yake tsayawa muni ya ɗora?

Ina so in ɗauko tambayar in ajiye ta a Suleja, domin a nan amsarta tana sauyawa. Garin yana da duk kayan da wannan nau'in hoto yake nema: kwata da mahautanta, teburan kai da ƙafa a kasuwar IBB da kasuwannin da ke kan hanyar Madalla, shimfiɗun masu maganin gargajiya, fatun layya da ake barbaɗa wa gishiri bayan Babbar Salla. Akwai waya mai kyamara a kusan kowane aljihu, ga kuma Abuja a bakin ƙofa, inda zaurukan baje kolin zane da masu sayen hoto suke. Matsayina shi ne, a idon mutumin Suleja abin da ke raba abin sha'awa da abin ƙyama a jikin dabbar da rai ya bari yana zaune ne a abubuwa biyu: yadda ta mutu, da abin da za a yi da ita. Siffarta tana zuwa daga baya. Waɗannan abubuwa biyu kuwa su ne kyamara ba ta iya gani da kanta. Saboda haka mai ɗaukar hoton da ya kwaso ma'aunin Turai ya shiga da shi kwata zai fito da hoto mai jan ido wanda bai faɗi gaskiyar wurin ba.

Razanar da ta dogara da ɓoyewa

Masu zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17 sun ƙware wajen zana tebur ɗauke da ƙoƙon kan mutum da agogo da fitilar da ta mutu da 'ya'yan itacen da suka fara ruɓewa, don attajirin da ya rataye zanen a ɗakinsa ya riƙa tuna kabari. A 1655 Rembrandt ya zana sa da aka feɗe aka rataye, haƙarƙarinsa a buɗe, ya ba naman da kitsen irin kulawar da ake ba fuskar basarake. Zanen yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Masu kyamara suka gaji wannan gona. A 1929 Eli Lotar ya shiga babbar mayankar La Villette a Paris, ya ɗauko hoton ƙafafun maruƙa da aka yanke aka jingina da bango a jere. Mujallar Documents ta buga hotunan tare da wani gajeren rubutu na Georges Bataille, inda ya nuna cewa a zamanin dā, wurin yanka da wurin bauta ba su rabu ba, amma mutanen birni na zamaninsa sun killace mayanka, sun nisanta ta daga idonsu, don ba sa iya jure ganin asalin abin da suke ci.

Maganar Bataille ta tona asirin hoton Lotar. Ƙarfinsa ya dogara ne da mai kallon da yake cin nama kullum amma bai taɓa tsayawa kan yanka ba. An ɓoye masa abu, mai hoto ya yaye labule, sai tsigar jikinsa ta tashi. Idan babu ɓoyewar, babu razanar.

Akwai hanya ta biyu. A jihar Arizona ta Amurka, daga ƙarshen shekarun 1930, Frederick Sommer ya riƙa jera kawunan kaji da kayan cikinsu a kan farin shimfiɗi yana ɗauka da babbar kyamara, ya kuma bi gawarwakin namun daji da rana ta busar a hamada. A 1986 Irving Penn ya ɗauki ƙoƙon kawunan dabbobi a gidan tarihin ƙasa da ke birnin Prague, kowanne shi kaɗai a kan fari tas, babu jini, babu tarihi, sai lanƙwasa da rami da haƙori. A wannan hanya ana wanke abu ne daga labarinsa har ya zama siffa zalla. Hanyoyin biyu sun bambanta a manufa, amma sun haɗu a wuri ɗaya: ba ruwansu da yadda dabbar ta mutu.

Buzu biyu

Yaron da ya tashi a Suleja ya riƙe ƙafar rago ana feɗewa tun kafin ya iya karatu sosai. An aike shi da kai da ƙafa wurin masu babbaka, ya ga an juye tumbi an wanke, an nannaɗe hanji, an ware hanta don a fara gasa wa mai layya. Idan aka nuna masa hoton Lotar, langaɓu zai gani. Wannan ba taurin zuciya ba ne. Abin da dabba ta bari ya kewaye rayuwarsa, kuma a wuraren daraja yake zaune. Malamin da ya koya masa Fatiha a kan buzu yake zama. Alƙur'anin gidansu a cikin gafaka yake. Wanzami da ƙaho yake tsotse mataccen jini. Kalangu, wanda kowa ya san kiɗan mahauta ne, fata ce aka ɗaure masa baki biyu. Haka tandun kwalli, da salka, da kube, da ragamar doki.

To amma wannan yaron, ranar da ya ci karo da mushen akuya a cikin kwalbati, zai toshe hanci, ya tofar da yawu, ya kauce. Ƙahon nan ɗaya ne da na wadda aka yanka, haƙoran ɗaya ne, idon da ya kafe ɗaya ne. Abin da ya shiga tsakani wuƙa ce da ambaton sunan Allah.

Wannan rarrabewa tana da tushe a littafin da ake karantawa a zaurukan malamai. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibin fiƙihun Malikiyya yake bi ta kanta bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta bi jikin mushe gaɓa-gaɓa. Ta halatta amfani da fatarsa idan an jeme ta, amma ta hana a yi salla a kanta ko a sayar da ita. Ta halatta gashinsa, tare da son a wanke. Ta hana amfani da ƙahonsa da kofatonsa da haƙoransa. Ma'ana, ana iya shimfiɗa buzu biyu gefe da gefe, majemi ɗaya ya jeme su da bagaruwa ɗaya, launinsu ɗaya, laushinsu ɗaya, amma ɗaya a yi sujada a kansa, ɗayan kuwa a'a. A ɗauki hotonsu da kyamarar da ta fi kowace tsada, babu abin da zai fito a takarda ya ce wannan ne yankakke. Duk muhawarar wannan maƙala a tsakanin buzun nan biyu take.

Kyamara ba ta tsaya ga rashin ganin hukunci ba, tana kuma share alamomin da jiki yake gane mushe da su. Na farko wari. Hanci ne yake fara sanar da mutum, ido yana biyo baya, hoto kuwa ba shi da wari. Na biyu motsi: ƙudan da ke giza a kan nama, wanda shi ne rabin ƙyamar, cikin ƙiftawar ido kyamara take mayar da shi ɗigo mai sheƙi. Idan aka cire launi aka bar baƙi da fari, jini ya koma inuwa. Idan aka rataya baƙin ƙyalle a baya, kasuwa ta ɓace da hayaniyarta da cinikinta. Idan aka sako haske daga gefe, sai duk wani zane na jikin ƙaho ya tashi. Susan Sontag, a littafinta kan hoto na 1977, ta lura cewa kyamara tana da halin ƙawata duk abin da aka nufa da ita, har da wahala da ruɓa, kuma yawan kallon irin wannan yana dusashe jin mai kallo.

Ba na cewa kyawun da ke fitowa ƙarya ne. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙoƙon kan ragon Uda da rana ta gama busarwa ya juya shi a hannu ya san akwai abin kallo. Ƙahon yana murɗawa da ƙa'ida, kowane zobe yana bin na gabansa. Inda ƙasusuwan kai suka haɗu akwai ɗinki mai lanƙwashe-lanƙwashe da ba a ganinsa sai fata ta tafi. A cikin hanci akwai siraran ƙasusuwa a nannaɗe, haske yana ratsa su. Wannan ƙira ce ta Mahalicci, kuma mai hoton da ya fito da ita ya yi aikin kirki. Damuwata ita ce farashin da ake biya kafin a fito da ita, da kuma wanda yake biya.

Darasin tulun Ladi Kwali

Suleja ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka ɗauke abu daga amfani aka kai shi wurin kallo, kuma ta gan shi a aikin hannun da ya fi kowanne fitar da sunanta duniya. A lokacin garin yana amsa sunan Abuja, sunan da ya samo daga Abu Ja wanda ya kafa shi a 1828, kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan bayan 1976. Baturen Ingila Michael Cardew ya zaɓi garin a 1951 don kafa cibiyar koyar da ginin tukwane. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata mata 'yar ƙabilar Gbagyi daga Kwali mai suna Ladi Kwali, kuma a 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko da ta yi aikin ginin tukwane a can.

Abin da ta zana a jikin tulunanta shi ne ya shafi batunmu: kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, maciji, kifi, tsuntsu. Yawancinsu halittu ne da mutum yake ja da baya in ya gan su. Ita kuwa ta baje su a cikin tulu, ta buɗe ƙafafunsu dama da hagu daidai wa daida, ta cika jikinsu da ƙananan layuka, ta raba tsakaninsu da ginshiƙan zane, ta yi wa wuyan tulun ado da murɗaɗɗiyar igiya da ake mirginawa a ɗanyen yumɓu. Ba ta rage wa kunama ƙari ba, ba ta gyara wa hawainiya ido ba. Ta dai ba kowace wurin zama a cikin tsari, a jikin abin da za a sha ruwa daga cikinsa. Abin tsoro ya shigo gida ta ƙofar amfani.

A ginin gargajiya na Gbagyi ana gasa tulu a fili da itace da ciyawa, a yayyafa masa ruwan makuba yana da zafi. Irin wannan tulu yana tsattsafo kaɗan-kaɗan, wannan tsattsafon ne yake sanyaya ruwa. A cibiyar Cardew sai aka sauya yumɓun, aka cike zanen da farar ƙasa, aka shafe tulun da ruwan gilashi, aka gasa shi a murhu mai tsananin zafi. Sakamakon ya ƙayatar. Kunamar ta fito fes a ƙarƙashin sheƙi, aka baje kolin tukwanen a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, sunan Ladi Kwali ya zagaya duniya, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta yana bayan takardar naira 20. Sai dai tulun ya yi nauyin da ba a zuwa rafi da shi, kuma ya daina tsattsafo, don haka ya daina sanyaya ruwa. Ya ƙara kyau a ido, ya bar aikin da aka san tulu da shi.

Ban kawo wannan don in rage darajar cibiyar ba, kuma ita Ladi Kwali da hannunta da yardarta ta yi aikin, ta kuma ci moriyarsa har ta rasu a 1984. Na kawo shi ne don abin da ruwan gilashi ya yi wa tulu shi ne abin da kyamara take yi wa kan rago. Bambancin da ya kamata ya dame mu shi ne, a wancan karon mai aikin ta bi aikinta zuwa Landan, sunanta yana kansa. A hoton kwata da na shimfiɗar mai magani, wanda ya jera kayan yakan tsaya a baya, ba suna, ba kaso.

Wanda ya fara jerawa

Masu nazarin wannan nau'in hoto suna ɗaukar jeri a matsayin babban aikin mai hoto: shi ya zaɓi abin da zai zauna kusa da wane. A kasuwa kuwa an riga shi. Mahaucin da ya ɗora kan saniya a gaban teburinsa, hancinta na duban masu wucewa, shaida yake kafawa cewa naman na saniya ne kuma yankan yau ne. Mai maganin gargajiya ya fi shi ma zurfin tsari. Yakan sa abin da ya fi ban tsoro a gaba, kan biri da haƙoransa a waje, ko busasshiyar hawainiya, ko fatar bushiya, ya rataye fatar mesa a sama, ya jera ƙayar beguwa da ƙoƙon kunkuru a tsakiya, sassaƙe-sassaƙe da saiwoyi da ƙullin gari suna baya, alhali su ne mafi yawan abin da yake sayarwa. Ya san abin da yake yi. Kwarjini yake nema, don mai wucewa ya ji cewa wannan mutum ya san daji kuma daji ya san shi. Munin da ke shimfiɗar nan aikinsa ne, da gangan ya gina shi, don masu kallon da suka san harshensa.

Idan mai hoto ya zo ya yanke shimfiɗar daga mai ita, ya kai ta bangon wani zaure a Abuja ko Landan, aikin wani ya kwafa, ya kuma miƙa shi ga masu kallon da za su karanta shi da wata ma'ana dabam. Mun ga yadda hakan yake faruwa ko da dabbobin suna da rai. Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya bi gardawan kura a 2005 da 2007, ya fara samunsu ne a bayan garin Abuja, ya fitar da littafin hotunansu a 2007. Kafin zuwansa, wani hoton waya na irin waɗannan mutane ya yi yawo a intanet, ana cewa 'yan fashi ne ko masu karɓo bashi da kura. Alhali 'yan wasa ne, dangin juna, da suke tara jama'a da kura da biri da mesa don su sayar da magani, sana'ar da duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya sani. Hugo ya yi ƙoƙarin gyara labarin a rubutun da ya raka littafin, amma hoto ya fi rubutu saurin tafiya.

Akwai kuma wani nauyi da shimfiɗar mai magani take ɗauke da shi yanzu wanda ba ta ɗauke da shi shekaru 50 da suka wuce. Dattawa suna tuna lokacin da ungulu take cika rufin kowace kwata da kan kowace kuka a bakin kasuwa. Yau yaro zai iya girma bai ga jewarta ba. A 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa irin ungulun da muka sani a rukunin waɗanda suke dab da ɓacewa, kuma cinikin kanta da sassan jikinta don magani da tsibbu a Afirka ta Yamma yana cikin manyan dalilan. Nijeriya tana da dokar kare irin waɗannan halittu tun 1985. Don haka hoton kan ungulu a kan tabarma ba ya iya zama siffa zalla irin ta Penn. Idan an ƙawata shi ba bayani, talla ce ga haja. Idan an nuna fuskar mai shimfiɗar, ana iya jawo wa ƙaramin ɗan kasuwa kamu a bar dillalin da ya kawo masa. Idan kuma an ƙi ɗauka sam, an bar wata ɓarna ta wuce ba shaida.

Kallon da muka gada

Kada a ɗauka cewa tsayawa a kan abin da ya mutu a yi masa kallon tsanaki baƙon abu ne a wurinmu. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ratsa kasuwa tare da sahabbai, ya ga mushen ɗan akuya mai ƙananan kunnuwa, ya kama kunnensa, ya tambaye su wa zai so ya saye shi da dirhami ɗaya. Da suka nuna ba sa so ko a kyauta, sai ya sanar da su cewa duniya ta fi wannan wulaƙanta a wurin Allah. Ga kasuwa, ga mushe, ga jama'a an tsayar da su su duba. Abin da masu zanen Holan suka nema da ƙoƙon kai da agogo ke nan, kusan shekara 1,000 kafin su.

Imamu Gazali ya kawo a Ihya'u labarin Annabi Isa, alaihis salam, da almajiransa, da suka wuce ta kusa da mushen kare. Almajiran suka koka da warinsa, shi kuwa ya yaba farin haƙoransa. Gazali ya kawo labarin ne a babin gulma, don koyar da harshe ambaton alheri, amma akwai darasin ido a cikinsa: warin gaskiya ne, farin haƙorin ma gaskiya ne, kuma wanda ya ambaci na biyu yana tsaye cikin na farko. Bai ɗauke haƙorin ya kai shi inda ba wari ba.

Wanda ya fi duka kusa da batunmu yana aya ta 259 ta Suratul Baƙara, labarin mutumin da ya wuce ta wata alƙarya da ta rushe, wanda malaman tafsiri da yawa suka ce Uzairu ne. Allah Ya matar da shi shekara 100, sannan Ya tashe shi, aka umarce shi ya dubi abincinsa da abin shansa da ba su sauya ba, ya dubi jakinsa, ya dubi ƙasusuwa yadda ake tayar da su a tufatar da su da nama. Abinci da abin sha da ƙashi a wuri ɗaya, da umarnin dubawa ana maimaita shi. Sai dai alƙiblar kallon ta bambanta da ta Turai. Zanen Holan yana tafiya daga nama zuwa ƙashi ya tsaya. Wannan yana tashi daga ƙashi ya koma nama. Mai hoton da ya tashi da wannan aya a kunnensa yana da abin da zai gani a ƙoƙon kan rago wanda Penn bai nema ba. Ga masu ɗari-ɗari da hoto saboda saɓanin malamai, akwai abin lura a fatawar Ibn Abbas ga mai sana'ar zane, inda ya nuna masa itatuwa da abin da ba shi da rai. Ko ƙashin da rai ya riga ya bari yana shiga wannan rangwame, tambaya ce da ta cancanci malaman fiƙihu su zauna a kanta.

Wannan gado yana da iyaka, kuma iyakar ita ce ɗan Adam. Ba'amurke Joel-Peter Witkin ya shiga ɗakin ajiye gawa a birnin Mexico ya jera sassan jikin mutane da gawar jariri tare da inabi da sauran 'ya'yan itace, ya fitar da hoton a 1990 da sunan Feast of Fools, manyan gidajen tarihi kuma suna ajiye ayyukansa. A wurinmu babu ƙwarewar haske da za ta wanke wannan, domin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Amma kafin mu nuna Witkin da yatsa, mu tuna ranar 18 ga Janairun 2025, da tankar mai ta kama da wuta a mahaɗar Dikko, kusa da Suleja, mutane fiye da 80 suka rasu. Kafin iyalai su gama neman nasu, hotunan ƙonannun gawarwaki sun cika wayoyi. Haka aka yi bayan harin cocin Madalla na Kirsimetin 2011. Waɗanda suka ɗauka ba su kira kansu masu fasaha ba, amma sun yi abin da Witkin ya yi: sun mayar da ɗan wani abin kallo. Wannan ya fi kowane hoton kwata cancantar sunan muni, kuma yana ba ni tsoro yadda hannu yake saurin turawa.

Za a iya cewa abin da nake nema zai mayar da fasaha rahoto, cewa hoto mai kyau ba ya buƙatar bayani. Ban yarda ba. Lotar da Penn ma da bayani suka dogara, sai dai nasu yana cikin kan masu kallonsu tun kafin su shigo zaure. Namu bayanin dabam ne, kuma akwai hanyoyin shigar da shi cikin hoton kansa. A bar wuƙa da gefen hannun mahauci a cikin firam, mai kallo zai san yanka ne. A bar makogwaron da aka yanka ya fito, maimakon a juya kan don a ɓoye shi. A bar gishirin da ke kan fata, da tsinken tsire, da takardar da za a ƙunshe nama. Baƙin ƙyallen da ake ratayawa a baya shi ne ya kamata a fara tuhuma, don shi yake share kasuwa. A nemi izinin Sarkin Fawa kafin a shiga kwata, kamar yadda kowane baƙo mai ladabi yake yi, a kuma mayar wa mai tebur da kwafin hoton ya gani. Idan bai gane kayansa a ciki ba, ko ya ji an muzanta sana'arsa, wannan hukunci ne da ya kamata a saurara kafin na masu zaure a Abuja.

Abin da firam ya kasa ɗauka sai a rubuta a ƙasa, da Hausa, da Gbagyi in ta kama: wace dabba ce, yankakkiya ce ko farauta ko mushe, a wace kasuwa, a wace rana, wa ya jera idan ya yarda a ambace shi. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da sauran makarantun da ke horar da masu hoto, suna iya mayar da wannan ƙa'idar aiki ga ɗalibansu. Amfaninsa ya wuce ladabi. Hoton kan ungulu mai ɗauke da sunan kasuwa da kwanan wata, mai binciken tsuntsaye zai iya haɗa shi da wasu ya gane ta wace hanya hajar take shigowa da kuma lokacin da ta fara yankewa, abin da ba zai samu ba daga hoton da aka ɗauka a kan baƙin ƙyalle, komai kyawun haskensa.